Tesla 'yar gwanjo a Zariya: in saya ko in haƙura?

Abban_Nana: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don Allah waɗanda suka san harkar su taimaka. Wani dillali a Abuja ya turo mini mota mai lantarki, Tesla Model S 75D, ƙirar 2017, baƙa, ta yi mil 96,000. Ya ce daga Amurka aka shigo da ita, takardun kwastan cikakku. Kuɗin da ya yanka kusan ɗaya ne da na Lexus ES 350 mai shekarunta, wadda dama ita na yi niyyar saye. A Hanwa nake zaune, a Shika nake aiki, in aka haɗa da kai yara makaranta da cefane ba na wuce kilomita 40 a rana. Kaduna nakan leƙa lokaci-lokaci, Kano da Abuja sai da dalili. Abin da ke ja na shi ne mai, tun da aka cire tallafi a 2023 rabin albashi a gidan mai yake ƙarewa. Abin da ke ba ni tsoro kuma, in ta lalace wa zai taɓa ta a garin nan, kuma nawa za ta ci?

Sarkin_Yawo: Wa alaikumus salam. Malam, wutar da za ka yi wa waya caji ma sai ka yi addu'a, mota za ka ɗora mata? 😂

Bakano_Na_Asali: Zage-zagi an ci gaba. Daga Vespa sai Tesla, ba a ma tsaya a tsakiya ba.

Abban_Nana: Bakano, ka bari manya su gama magana, za a kira ka in an zo ciniki.

Injiniya_Sola: Bari mu fara da lissafi kafin barkwanci ya cinye zancen. Mota irin wannan, da esi a kunne a zafinmu, ka ɗauka tana shan yunit 20 na wuta a kilomita 100. Idan layinka Band A ne, wato rukunin da aka fi ba wuta, yunit ya tashi zuwa ₦225 a Afrilun 2024, aka rage, daga baya ya tsaya wajen ₦209. Yunit 20 ya kama kusan ₦4,200, ka ƙara abin da ke salwanta wajen caji, a ce ₦4,600. Ita kuwa ES 350 a cikin gari ba za ta sha ƙasa da lita 11 ba a wannan nisan. Mu ɗauka lita ₦900, ₦9,900 ke nan. Bambancin ₦5,300 ne a kowane kilomita 100. In kana yin kilomita 1,500 a wata, ka tsira da kusan ₦80,000, a shekara ya doshi miliyan ɗaya. Ga babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu matatar mai, babu bel. Birki ma yakan daɗe sosai, domin da ka ɗaga ƙafa injin lantarkin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Ta fuskar cin yau da kullum babu gardama, ta fi arha nesa ba kusa ba. Matsalar tana wani wuri dabam.

Maman_Ilham: Injiniya, wannan lissafin na wanda ke samun wutar ne ai. Band A a takarda awa 20 ce a rana. Mu a unguwarmu ba ma cikinsa, kuma ko masu shi ka tambaye su. Kun manta Oktoban 2024 da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu? Mai irin wannan motar ya ya yi a lokacin?

Sarkin_Yawo: Ya hau acaɓa, Hajiya.

Injiniya_Sola: Maganarki gaskiya ce Hajiya, shi ya sa na ce matsalar tana wani wuri. Kuma kada wani ya ce janareta zai cike gurbin. Ƙaramin janareta mai fetur yana ba da wajen yunit 2 a lita ɗaya. Yunit 20 ke nan sai ka ƙona lita 10. Ka ga an dawo gidan jiya, man da Lexus za ta sha shi janareta ya sha, ga ƙara, ga hayaƙi, ga gyaran janaretan. Sola ce mafita ta gaskiya. A nan Zariya faifan sola na kilowat ɗaya yana ba da yunit 4 zuwa 5 a rana, ya ragu in ƙurar hunturu ta rufe shi ba a wanke ba, ko a tsakiyar Agusta. Kilomita 40 na Abban_Nana yunit 8 ne zuwa 9, wato ƙarin faifai na kilowat 2 zuwa 3 a kan abin da gida ke ci. Sai dai lokacin da rana ke bugawa motar tana Shika, ba ta gida. Ko dai ya sayi batirin gida babba da zai tara wutar ya juye mata da dare, ko ya riƙa cika ta Asabar da Lahadi. Wannan kuɗin shi ma a sa shi cikin farashin motar.

Oga_Rewaya_Agoro: Ni dai ku ji ta bakin mai datti a hannu. Na daɗe ina aikin wayarin mota, har su Prius da Camry mai haɗin batir da fetur muna taɓawa yanzu. Amma wannan ba zan yaudare ka ba Alhaji, in ka kawo mini zan duba maka fis, da ƙaramin batir, da fitila, da abin ɗaga gilashi. Duk wayar da ka ga ruwan lemo ce ba na sa hannu. Wutar da ke cikinta ta kai bolt 350 zuwa 400, kuskure ɗaya sai dai a yi wa mutum salla. Ƙafafuwa kuwa, su bushin da tayarod da shokozoba, kowane bakanike mai hankali zai canza in an samo kayan. Samo kayan ne aikin. Ba za ka shiga Sabon Gari ko Panteka ko Ƙofar Ruwa ka ce a ba ka ba.

Dan_Zazzau_Texas: Ranka ya daɗe Abban_Nana, ni a nan nake inda motocin nan suke kamar ƙasa, bari in faɗa maka abin da masu ƙirar 2017 ke fama da shi. Na farko allon nan babba na tsakiya. Waɗanda aka ƙera kafin Maris 2018 suna da wani ɗan guntun ma'ajiyar bayanai mai gigabait 8 da ke gajiya da yawan rubutu, in ya mutu allo ya yi baƙi, kuma da allon ake sarrafa esi da kyamarar baya da kusan komai. A 2021 kamfanin ya yi kiranyen motoci kusan 135,000 saboda shi. Ka tambaya ko an canza, ko an sa mata sabuwar kwamfutar gaba ɗaya. Na biyu mariƙin ƙofa, wanda ke fitowa da kansa in ka matso. Akwai ɗan inji da giya da waya a cikin kowanne, suna karyewa, sai ka ga mutum yana shiga ta ƙofar fasinja. Kayan gyaransa ba tsada, ana sayar da su a intanet. Na uku, in tana da ƙafar iska, wato wadda ke ɗagawa ta sauka, jakar iskar da kwamfuresanta suna yoyo in sun tsufa. Garantin batir da injin shekara 8 ne, na 2017 ya ƙare a 2025. Ko da bai ƙare ba ma, Tesla ba ta da reshe a Najeriya, ba inda za ka kai ta.

Yaro_Mai_Kwamfuta: A ƙara da matsalar ruwan sanyaya da ke tsiyaya cikin injin baya. Akwai wani sil da ke sakin ruwa a hankali har ya shiga cikin inbata ya ƙona shi. Wannan ce ta fi kashe Model S tsofaffi.

Dan_Zazzau_Texas: Wannan matsalar gaskiya ce ƙanina, amma ta babban injin baya ce, wanda ke cikin masu jan baya kaɗai da kuma masu harafin P, irin su P85 da P100D. Ita 75D ƙananan injina biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma sun fi babban kwanciyar hankali. A nan ma dai dillalin bai zaɓo mafi muni ba.

Alhaji_Na_PZ: Ni harkar mota nake tun kafin a haifi wasunku, daga Kwatano muka fara. Tambayar da ba wanda ya yi ita ce, me ya raba motar da Amurka? Mafi yawan abin da ke shigowa da wannan farashin daga gwanjon Copart ko IAA yake, motocin da inshora ta biya ta zubar. In karo ne a gefe, an buga an yi fenti, da sauƙi. In ruwa ne ya shanye ta, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Bayan guguwar Ian a Florida a 2022, motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga batirinsu sun riƙa kamawa da wuta, wasu bayan kwanaki suna ajiye. Irin waɗannan ana wanke su tas a loda a jirgi. Wani yaron abokina ya sayi wata a hannun wani dillali da ba zan kira suna ba, ciki na ƙamshi, jiki na ƙyalli, bayan ɗan lokaci fitilun gargaɗi suka cika allo, da aka ɗaga kafet sai ga laka ta bushe a ƙarƙashi, soket duk sun yi kore. Har yau tana ajiye an lulluɓe ta. Ka karɓi lambar VIN, wato lambar shasin motar, ka buga ta a Google, sau da yawa hoton motar na ranar gwanjo zai fito. Ka biya a ciro maka Carfax, rahoton tarihin motar. In ya hana ka VIN, ciniki ya ƙare.

Abban_Nana: Allah ya ƙara girma Alhaji. Na tura masa saƙo yanzu ya ba ni lambar. Amma batirin fa, ta yaya zan gane lafiyarsa? Shi ne abin da ke hana ni barci.

Dan_Zazzau_Texas: Hanya mafi sauƙi, ka sa a cika ta 100 bisa 100 a gabanka, ka duba mil nawa ta nuna. Sabuwarta mil 259 ce, kusan kilomita 417. In ta nuna wajen 230, ta rasa kashi 11 cikin 100, wannan daidai ne ga shekarunta. In ta yi ƙasa da 200 ka yi tunani. Kamfanin da kansa ya ce a rahotonsa Model S da X kan rasa kusan kashi 12 bayan mil 200,000, to amma wannan matsakaici ne, kuma nasu ne. Abin tsoro ba raguwar a hankali ba ce, a'a, rukuni ɗaya na ƙwayoyin batir ya mutu ko danshi ya shiga akwatin, sai mota ta ƙi karɓar caji gaba ɗaya. Akwai manhaja mai suna Scan My Tesla, da 'yar na'ura da ake jonawa, tana nuna ko ƙwayoyin sun daidaita da juna. Canjin batir a nan ya haura dala 10,000, ban sa kuɗin jirgi da kwastan ba, kuma abu ne mai nauyin kusan rabin tan da ake ɗauka a matsayin kaya mai haɗari.

Maman_Ilham: To ku haɗa da lissafin Injiniya. Dala 10,000, in an ɗauki dala ɗaya a ₦1,500, miliyan 15 ke nan. Shi kuma ya ce ana tsira da miliyan ɗaya a shekara. Wato rarar shekara 15 za ta tafi a rana ɗaya. Yaya Abban_Nana, ka gaya wa Maman Nana wannan lissafin kuwa?

Abban_Nana: Hajiya ki rufa mini asiri, ba ta cikin gidan nan. 😅

Dakta_Kongo: Bari in yi magana a matsayin wanda ke tuƙa irinta a garin nan, ko da yake tawa ta Jamus ce, doguwa, ba Tesla ba. Duk abin da aka faɗa na haɗari gaskiya ne, amma ana magana kamar dole batir ya mutu. Mafi yawansu ba sa mutuwa. Tun da na saye ta ban taɓa kwana a hanya saboda batir ko inji ba. Da safe in cire waya in tafi, na manta rabon da in bi layin mai. Na sa sola mai ɗan girma dama tun kafin motar, sai na ƙara faifai.

Abin da ya ci mini kuɗi abubuwa ne da ban yi zato ba. Taya ce ta farko. Motocin nan nauyi gare su, tawa ta kusa tan biyu da rabi, Model S ma ta haura tan biyu, ga ƙarfin fizga tun daga tsaye, sai taya ta riƙa cinyewa da wuri. Kuma tayoyin sirara ne a kan babban wili. Na faɗa wani rami da daddare bayan ruwan sama, taya ta fashe, wili ya lanƙwashe, sai a lokacin na tuna motar ba ta zo da safaya ba. Yawancinsu haka suke. Girman tayar babu shi a Zariya, daga Abuja aka sako mini a mota. Na biyu jira. Wata 'yar na'ura ta lalace a gaba, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma sai da aka yi odarta daga waje, motar ta yi makonni a ajiye. Da ba ni da tsohuwar Corolla a gida da na sha wahala. Don haka ni abin da zan ce, in ita ce za ta zama motarka tilo, kada ka saya. In akwai ta biyu, kuma akwai kuɗin da za ka iya ajiyewa gefe ka manta da su saboda ranar tsiya, za ka ji daɗin da ba ka taɓa ji a mota ba.

Oga_Rewaya_Agoro: Dakta ya tuna mini abu biyu. In ta tsaya a hanya kada a ɗaura mata igiya a ja, kada janwe ya ɗaga gaba ya bar baya a ƙasa. Tayar na juyawa injin na haifar da wuta, za a yi ɓarna. Sai mai shimfiɗaɗɗen baya da zai ɗauke ta cak. Na biyu esi. Kwamfuresanta na lantarki ne, man da ake zuba masa dabam ne, wanda ba ya ɗaukar wuta. Mai gyaran esi na bakin titi ya zuba mata irin na sauran motoci, ya gama da kai. A kan Prius mun ga haka ba sau ɗaya ba. Kuma a irin waɗannan motocin esin ne ke taimakawa wajen sanyaya babban batir, ba don jin daɗinka kaɗai yake ba.

Yaro_Mai_Kwamfuta: Shi ya sa zafin Maris da Afrilu bai kamata ya tsorata mutum sosai a kan Tesla ba, batirinta da ruwa ake sanyaya shi. Nissan Leaf ce ba ta da wannan, ita ce ta sha wahala a wurare masu zafi irin Arizona. Dokar dai ita ce a ajiye ta a inuwa, kada a riƙa cika ta fiye da 80 ko 90 sai za a yi tafiya, kada kuma a bar ta ta kwana a sifili. Sannan ƙaramin batir mai bolt 12 in ya mutu, duk girman babban ba zai hana mota ta zama gawa ba, ko ƙofa sai an yi dabara.

Malam_Tsoho: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar idon jama'a. Ka shiga Tudun Wada ko cikin birni da motar da babu irinta, yara na bin ka, kowa ya san inda ka kwana. A wannan zamanin da muke ciki mutum ya rage abin da zai sa a nuna shi. Ra'ayina ke nan.

Sarkin_Yawo: Baba, wanda zai sace ta ma a ina zai yi caji? Ita ce motar da ɓarawo zai dawo maka da ita da kansa.

Malam_Tsoho: Ba motar nake ji wa ba, yaro.

Bakano_Na_Asali: Maganar gaskiya yanzu, ban da wasa. Me zai hana ya sayi Lexus ɗin ya mayar da ita mai gas? Gwamnati ta fito da shirin CNG tun 2023, kuma ga NITT, cibiyar fasahar sufuri, nan a hanyar Basawa suna harkar juya motoci. Ya samu sauƙin mai, ya samu motar da kowane bakanike ya sani.

Alhaji_Na_PZ: Tukunyar gas ta cinye rabin but, sannan ka je ka ga layi a inda ake sayarwa. Ni da zan ba shi shawara a kan wannan hanyar, Lexus ES 300h zan ce, mai haɗin fetur da batir. Tana shan kusan rabin man 350 a cikin gari, batirinta ƙarami ne, ana samunsa a Legas da Abuja, kuma ranar da ya so sayarwa kafin la'asar an saye. Wannan shi ne abin da masu sha'awar lantarki ba sa lissafawa. Me ya sa motar da aka saya sabuwa da kuɗin gida ta dawo farashin Lexus? Domin can ma darajarsu zubewa take. Tesla ta zabtare farashin sababbi a farkon 2023, tsofaffi suka faɗi. Hertz, kamfanin hayar motoci, ya sanar a Janairun 2024 zai sayar da motocin lantarki 20,000, ya ce tsadar gyara da faɗuwar daraja. In a can haka ne, a Zariya wa zai saya daga hannunka bayan shekara uku?

Dakta_Kongo: Alhaji, wannan faɗuwar ai ita ce ribar mai saye na biyu. Wani ya riga ya ɗauki asarar. Ni ban saya don in sayar ba.

Alhaji_Na_PZ: Kowa haka yake cewa Dakta, sai ranar da kuɗin makaranta ya taso.

Hauwa_Injiniya: Ina bin zancen tun ɗazu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wai ba za a taɓa iya gyara su a nan ba. Haka aka ce da motoci masu kwamfuta suka fara shigowa, yau yaran gareji da na'urar gwaji suke yawo a aljihu. Tesla ta buɗe littafin gyaranta kyauta a intanet, duk mai Turanci da haƙuri zai karanta. A Maiduguri Mustapha Gajibo yana haɗa bas masu lantarki. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt, lokacin yana shugabantar NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, an buɗe tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, kuma an haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas. Garin da ke da ABU da Nuhu Bamalli da NITT bai kamata a ce babu mai iya buɗe akwatin batir ba. Amma, Yaya Abban_Nana, wannan magana ce ta gobe. Kai yau za ka saya. Kuma in lantarkin kake so ido rufe, ka duba BYD ta China, tun 2025 suna da wakili a Legas, sabuwa da garanti. Ba ta kai Model S girma da alfarma ba, amma akwai wanda za ka kira.

Yaro_Mai_Kwamfuta: Anti, kuma tun 2024 an cire wa motocin lantarki harajin VAT, ya kamata ya tambayi dillalin ko hakan ya shafi farashin da ya ba shi.

Alhaji_Na_PZ: Ka taɓa ganin dillali ya rage kuɗi don gwamnati ta rage haraji?

Abban_Nana: Mu dawo kan tafiya don Allah. Kaduna da dawowa za ta yi? Kano fa? Abuja?

Injiniya_Sola: Kaduna kusan kilomita 80 ce, zuwa da dawowa da yawon cikin gari a ce 200, za ta yi ba fargaba. Kano wajen 150 ce, zuwa da dawowa 300, a nan ne za ka fara kallon allo kana salati. Lambar da take nunawa ta tuƙin lallaɓa ce. A ce ta nuna kilomita 370, in ka taka 120 da esi, abin da za ka samu bai fi 280 zuwa 300 ba. Abuja wajen 260 ce, za ka isa da ƙyar in ba a tsaya cunkoso ba, sannan dole ka cika kafin ka juyo. Kuma ka lura da bakin caji. Ta Amurka bakinta na Tesla ne, na Turai CCS2, na China GB/T, ba sa shiga juna sai da adafta, kuma ta 2017 ba ta karɓar cajin sauri na CCS sai an canza mata wata na'ura a ciki. Don haka kafin ka dogara da wata tashar caji a Abuja, ka je da motar a gwada. A gida kuwa, layi mai amfiya 32 yana ba da kilowat 7, daga ƙasa zuwa cika kusan awa 10. Soket na bango ya fi kwana ɗaya. Dole a ja mata waya mai kauri tun daga mita, da birekanta, da wayar earth mai kyau da aka binne a ƙasa, domin cajar ba ta yarda ta yi aiki in babu ita. In wuta ta yi ƙasa kuma motar da kanta take rage ja ko ta tsaya. Kada a ba yaron unguwa wannan aikin.

Maman_Ilham: Kuma taransifomar unguwa ta ɗauka? Kada maƙwabta su wayi gari su ce motar Abban Nana ce ke kashe musu wuta.

Injiniya_Sola: Kilowat 7 kamar esi huɗu zuwa biyar ne a kunne lokaci guda, Hajiya. Ana iya rage jan daga allo zuwa amfiya 16 ko ƙasa, tunda shi yunit 9 kawai yake buƙata a dare.

Dakta_Kongo: Ƙarin abu ɗaya da na manta, tudun rage gudu. Batir a ƙasan motar yake shimfiɗe. Akwai sulke a jikinsa, amma irin tudun da mutanen unguwa ke ginawa da kansu ba ƙa'ida, in mota gajera ce sai ka bi shi a karkace. In tana da ƙafar iskar da Dan_Zazzau ya ambata, nan za ta yi maka rana, ka ɗaga ta ka wuce. Sai dai ita ce kuma za ta fara neman kuɗi. Ruwan damina da ke kwanciya a wasu layuka shi ma kada ka ce za ka yi jarumta a ciki.

Oga_Rewaya_Agoro: Da ɓeraye. Ku yi dariya, amma waya ba ta san alfarma ba.

Abban_Nana: Ya turo VIN ɗin. Na buga, hoton gwanjo ya fito. An buge ta ta baya gefen dama, fitila da bamba sun fashe, but ya ɗan lotsa, ban ga alamar ruwa ba. Amma an rubuta inshora ta yi watsi da ita. Shi kuma da ya ce mini ba ta taɓa karo ba.

Alhaji_Na_PZ: To ka samu abin ciniki. Wanda ya ɓoye wannan, ka tambayi kanka me kuma ya ɓoye. A ɗaga ta sama a duba ƙasan batir da ƙafar baya ta dama, a ga ko an miƙe shasi. In za ka je ka gaya mini, akwai wanda zan haɗa ka da shi a Apo, wurin bakanikan Abuja, ya raka ka.

Dan_Zazzau_Texas: Turo mini lambar ta akwatin sirri in ciro maka cikakken tarihinta daga nan, har da ko an yi mata aikin allon. Ka kuma tabbatar an cire ta daga asusun mai ita na farko, in ba haka ba manhajar waya ba za ta yi maka aiki ba, kuma wani yana can yana ganin inda motarka take. Bugun baya a gefen dama bai cika taɓa wurin caji ba, shi a hagu yake, amma duk da haka a gwada shi a gabanka.

Maman_Ilham: Ni har yanzu ina kan ES 300h ɗin Alhaji.

Dakta_Kongo: Abban_Nana, ka zo Kongo ranar Asabar bayan la'asar ka tuƙa tawa zuwa Kwangila mu dawo, ka ga yadda na haɗa cajin a gida, in nuna maka rasitan taya kuma.

Bakano_Na_Asali: Ku biya ku ɗauke ni, ina so in ga Bazazzagi yana tuƙa motar da ba ta ƙara.

Abban_Nana: In sha Allahu Dakta, zan zo. Dan_Zazzau na tura maka. Injiniya, nawa faifan kilowat 3 da waya da birekar za su kama in an haɗa da aiki? Inbatan da nake da shi 5kVA ne.

Injiniya_Sola: 5kVA ba zai ɗauki gida da mota lokaci guda ba sai ka rage cajin zuwa amfiya 10 ko ƙasa. Turo mini hoton inbatan da na batiran da kake da su, da tsawon waya daga mita zuwa inda kake ajiye mota, in yi maka lissafi.